Guɗar Ummu Nayif

Wanda ya bi hanyar Bagadaza ta garinmu Mafraƙ na ƙasar Jodan a shekarun nan, ya ce bai san gurasar Falha ba, to barci yake yi aka wuce da shi. Rumfarta tana daidai inda kwalta ke rabuwa biyu, hannu ɗaya ya yi arewa zuwa Siriya, ɗayan ya miƙe gabas cikin baƙaƙen duwatsu har ƙasar Iraƙi. Rumfar ba wata aba ba ce, tsohon tanti ne na gashin akuya, da gangunan mai da aka gicciya wa katako don zaman baƙi. A gabanta akwai kaskon ƙarfe a kife bisa wutar ƙirare. Takan ɗauki curin ƙullu ta yi ta wurga shi daga wannan hannu zuwa wancan har ya yi faɗin faranti, ya yi sirantar da kana hango yatsunta ta cikinsa, sannan ta shimfiɗa shi a bayan kaskon. Kafin direba ya gama wanke fuska gurasa ta gasu, ga shayi, ga man zaitun a ɗan kwano.

Ba mai kiranta Falha sai ƙanenta Halaf, shi ma sai ransa ya ɓaci. Ga sauran jama'a Ummu Nayif ce. Ta haihu da dama, ƙasa ta karɓe, Allah ya bar mata Nayif shi kaɗai. Mijinta leburan reluwe ne, zazzaɓi ya tafi da shi yaron bai fara tafiya ba, dangin mijin suka so su haɗa ta da wani tsoho a cikinsu, ta ce ta gode, ta ɗauki kasko ta koma bakin hanya. Mace ce doguwa, mai shuɗin zane a haɓa irin na matan da, mai baki kuma. Ba a faɗa mata magana ta haɗiye. Direban da ya ce gurasarta ta yi gishiri, sai ya ji tarihin motarsa da na gashin bakinsa kafin ya tashi, kuma gobe zai dawo.

Amma abin da take taƙama da shi ba gurasar ba ce, kunnenta ne. Mutum ya buɗe baki ya yi sallama, sai ta gaya masa garinsu. Ta san yadda mutumin Halab ta Siriya ke jan magana, ta san yadda Bamisire ke neman burodi, ta san abin da mutanen Bagadaza ke kiran shinkafa da yadda suke cewa akwai da babu. Takan kwaikwaye su a gabansu har su riƙe ciki. In wani ya yaba mata sai ta ɗaga kafaɗa ta ce ai Larabci ɗaya ne, kowa dai da yadda uwarsa ta murɗa masa harshe. Ta yarda da wannan magana har zuci. Ta yi ƙuruciya a hannun Turkawa, ta yi aure a hannun Turawan Ingila, ta ga lokacin da aka zo aka ce daga wancan dutse zuwa gaba wata ƙasa ce, alhali tumakin ubanta can suke kiwo. Saboda haka duk ranar da rediyo ya ce Larabawa al'umma ɗaya ce, sai ta ce sai yau suka sani.

A ƙarshen sanyin shekarar hamsin da takwas aka wayi gari Masar da Siriya sun zama ƙasa ɗaya. Ba a rufa wata ba sarkinmu da sarkin Iraƙi, waɗanda kakanninsu wa da ƙane ne, su ma suka ce Jodan da Iraƙi sun haɗe. Haɗin kai biyu ke nan a wata guda, kowanne yana zagin ɗaya a rediyo daga safe har yamma. A teburin mai shayi maza suka rabu, wasu na Alƙahira wasu na Bagadaza, ana musu ƙasa-ƙasa don ba a san wa ke saurare ba. Ummu Nayif ba ruwanta da wannan. Ita dai a cire sandar nan da ke gicciye a kan iyaka, motoci su yi ta wucewa, ko wa ya cire ta ɗan albarka ne.

Nayif ya tashi a gindin manyan motoci, ya iya tuƙi tun bai fara aski ba. Saurayi ne mai sanyi, ba ya da yawan magana, abin da ya fi iyawa shi ne yi wa uwarsa dariya in tana faɗa. Da aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa a Bagadaza, aka tura wasu manyanmu can, ɗaya daga cikinsu ya nemi direban da ya san hanya, aka ambaci Nayif. Shi bai ɗoki abin ba. Uwar ce ta ɗoka. Halaf, wanda ya yi shekaru yana sojan sintiri a kan raƙumi kafin ciwon gwiwa ya sauke shi, ya zo rumfa ya zauna ya daɗe yana juya kofin shayi.

"Yaya, kar ki bar yaron nan ya tafi. Wannan haɗin don a ba Masar haushi aka yi shi. Ba zai kai shekara ba."

"Kai tun da ka tuɓe kaki ba ka ƙara ganin alheri a komai ba," in ji ta. "Bagadaza yanzu ai gida ce. Daga ɗaki zai koma ɗaki. So kake ya tsufa yana ɗaure wa 'ya'yan wasu taya?"

Nayif ya yi dariyarsa, ya ce wa kawunsa ai ya san ba a kayar da Umma. Da safiyar da motar ta zo ɗaukarsa, ta naɗe masa gurasa a ƙyalle, ta ja kunnensa kar ya auro mata Ba'iraƙiya mai dafa kifi da safe. Ya sumbaci goshinta ya tafi.

Watannin farko hanya ta cika, ƙullu ba ya kai la'asar. Direbobi suna kawo mata gaisuwarsa, wani ya ce ya gan shi cikin farar riga a ƙofar wani babban otal yana goge mota. Har sojojin Iraƙi aka kawo aka yi musu sansani a bayan gari, wai su taya mu tsaro. Su ma nan suke sayen gurasa. A wurinsu ta fara ganin abin da ba ta so. Samarin hafsoshinsu in sun zauna, magana suke yi a kunne, in wani babba ya doso su yi tsit. Rannan tana miƙa musu shayi ta ce Allah ya ja zamanin sarakunanmu biyu, kamar yadda ta saba. Mutum wajen takwas ne a zaune, ba wanda ya ce amin. Ɗaya ya dube ta ya yi murmushi, ya ce Inna gurasar nan ta yi daɗi. Abin ya tsaya mata a rai har ta kashe wuta, amma ba ta gaya wa Halaf ba, don ta san abin da zai ce.

Tsakiyar bazara, wata safiya mai zafi, ta ga mutane suna gudu zuwa shagon mai shayi inda rediyo yake. Tashar Bagadaza ce, kiɗan soja ake yi, can wata murya ta ce mulkin sarauta ya ƙare. Kafin azahar an ji an kashe sarkinsu da mutanen gidansa. Washegari labari ya ƙara muni. An ce jama'a sun cika tituna, an ja gawawwaki a ƙasa, an ce an shiga otal an fito da baƙi, har da mutanenmu, an loda su a mota, taro ya tare motar a hanya. Aka karanta sunayen manyan da suka mutu da waɗanda aka tsare. Direba ba ya cikin waɗanda ake karanta sunansu, ko ya mutu ko yana raye. Otal ɗin kuwa shi ne wanda aka ga Nayif yana goge mota a ƙofarsa.

Hanya ta mutu murus. Aka mayar da sandar iyaka, aka ƙara mata waya. Man fetur ya ɓace, don daga can yake zuwa. Jiragen Ingila suka riƙa ratsa sama. Sojojinmu suka zagaye sansanin baƙin nan da makon jiya ake ce musu 'yan'uwa, bindiga tana kallon bindiga. Ummu Nayif tana fitowa kullum ta hura wuta don ba ta iya zaman gida, ta gasa gurasar da ba mai saye, idonta yana gabas. Ta daina faɗa. Mu da muka saba da bakinta, shirun nan ya fi ba mu tsoro.

Halaf bai ce mata ai na gaya miki ba, kuma wannan alheri ne da ban manta masa ba. Shiri ya fara. Ya ari raƙumi wurin surukansa, ya nemo tsohuwar alkyabbar makiyaya. Ya san rijiyoyin hamadar nan kamar ɗakin matarsa, ya san inda za a ratsa ba a bi ta kan sanda ba, kuma a 'yan kwanakin nan na ruɗani ba wanda ke tsaron dajin sosai. Ya ce in ya isa bakin kogi zai bar raƙumin wurin dangi, ya shiga birni ya bi asibiti-asibiti, kurkuku-kurkuku, ko ya dawo da yaron ko ya dawo da labarinsa. Suka tsayar da asubar Juma'a. Falha ta gasa masa gurasa mai kauri wadda ba ta saurin lalacewa.

Ana nan aka daidaita cewa sojojin Iraƙi su koma gida. Aka turo motocin haya daga can su kwashe musu kaya, da sharaɗin ba direban da zai yi magana da ɗan gari, kowace mota kuma da sojanmu a tsaye a jikin ƙofa har a fita ƙasa. Ranar Alhamis da hantsi ayarin ya taso. Mutane suka jeru a bakin hanya suna kallo, ba mai ɗaga hannu. Ana cikin wucewa wata tsohuwar mota ta yi tari, ta mutu daidai rumfar. Direban ya sauko, ya ɗaga murfin inji, ya yi wa sojan alama yana son ruwa. Gajere ne, baƙi, mai kauri, fuskar da ba a taɓa gani a hanyar nan ba. Ummu Nayif ta kawo masa garwa. Da ya yi godiya ta ji harshensa na mutanen kudu ne, can ƙasar fadama, waɗanda ba su cika zuwa wajenmu ba. Ya sunkuya kamar mai zuba ruwa, bai dube ta ba.

"Ke ce uwar Nayif, mai gurasa?"

Ta ce ita ce.

"Yana gidana. A titi na ɗauko shi. Mabsut ne, Inna. Mabsut ƙwarai. Sunanki yake ta kira."

Sojan ya buga gindin bindiga a jikin mota ya ce a rufe baki. Amma ta riga ta ji abin da take so ta ji. Ta saki garwar, ta ɗora hannu a baki, ta rangaɗa guɗar da sai da aka ji ta a tashar jirgi. Direban ya ɗago ya dube ta baki buɗe. Sojan ya tura shi cikin mota. Motar da ta mutu ta tashi bugu ɗaya. Falha ta bi ta da gudu tana riƙe da ƙofa, tana dariya tana hawaye.

"Ka ce masa ya yi zamansa, kar ya kuskura ya taso! Ka ce shagwaɓa ta isa haka. Ka ce uwarsa ta ji, ta yi guɗa, ta ce Allah ya ƙara masa!"

Mutumin ya ƙura mata ido ta taga. Sannan ya juyar da kai ya tofar da yawu ta ɗaya gefen, ya taka mota.

A bakinmu, da na mutanen Sham da na Masar, in aka ce mutum mabsut ne, to yana cikin jin daɗi, lafiya lau, hankali kwance. Kalma ce da muke faɗa sau ba adadi a wuni. A bakin mutanen Iraƙi kuwa, mabsut shi ne wanda aka shimfiɗe a ƙasa aka lakaɗa wa duka. Direbobinsu da suka saba da hanyarmu sun san bambancin, in sun tsallako sukan bar tasu ma'anar a kan iyaka, shi ya sa duk shekarun nan ba ta taɓa ji ba. Wa zai kawo zancen duka yana cin gurasa da man zaitun? Wannan bawan Allah kuwa ranar ce farkon fitowarsa daga ƙasarsu. Ya kashe motarsa da gangan, ya sa wuyansa a haɗari, ya faɗi magana mafi gajarta da ya sani don uwa ta gane ɗanta yana bakin mutuwa.

Halaf yana gida yana ɗaure sirdi ta faɗo masa. Ta ce ya kwance kaya, ya mayar wa mutane raƙuminsu, Nayif yana nan garau a gidan wani mutumin kirki. Ya sa ta maimaita maganar kalma-kalma. Ta maimaita, har da kwaikwayon harshen mutumin. Sai ya tambaye ta me ya sa aka ɗauko shi a titi, me ya sa yake kiran sunanta, kuma me ya sa mai kawo albishir zai tofar da yawu. Ta ce a titi ya gan shi yana gudun tarzoma ya ɓoye shi mana, kiran suna kuwa ai ya san ɗan yayarsa da son jiki. Yawu kuma, mutanen kudu haka suke, ba su iya fara'a ba.

"Falha, bar ni in je in gan shi da idona. Raƙumi a ɗaure yake, guzuri a naɗe."

"Ka je a kama ka, ka jawo masa ido? Yaro yana ɓoye lafiya, kai za ka bi gari kana tambayar sunansa? Wallahi in ka taka, ba ni ba kai. Ni zan gaya maka Larabci, ni da na tsufa ina jin bakin mutanen nan?"

A nan ta fi ƙarfinsa, don ko shi bai san kalmar da wata ma'ana ba. Ya kwance sirdin, ransa ba daɗi.

Ranar Juma'ar da ya kamata a ce Halaf yana tsakiyar daji, ta yanka tunkiyarta ɗaya tilo ta yi mansaf. Shinkafa da nama a manyan tire, an kwarara miyar busasshen nono, an shimfiɗa gurasarta a ƙasa. Duk unguwa ta ci. Ta ba da labarin sau nawa ban sani ba, kowane zuwa sai ta faɗi kalmar nan da ƙarfi, mabsut, mabsut ƙwarai. A cikin masu ci akwai tsofaffin direbobi da suka yi rabin rayuwarsu a hanyar Bagadaza. Sun sani sarai. Sun dubi juna, sun sunkuyar da kai, sun cusa hannu a shinkafa. Daga baya suka ce wai sun ɗauka ko mutumin da ma'anarmu ya faɗa, wai ba su so su ɓata wa tsohuwa rana. Ƙarya suke yi, tsoro ne kawai. Ba wanda ya so ya zama shi ne zai tsaya gaban bakin Ummu Nayif ya ce mata guɗarta ta mutuwa ce. Har yau in na tuna yadda suka side yatsu raina yakan ɓaci.

Bazara ta wuce a haka. Iyaka a rufe, ba mai zuwa ba mai tafiya, rediyon kowace ƙasa yana kiran ɗaya maci amana. Haɗin kan da aka yi wa kiɗa aka soke shi da sanarwa guda. Aka cika dajin da masu sintiri ta kowane ɓangare, hanyar da Halaf zai bi a da ta toshe. Falha kuwa bakinta ya dawo. Tana tsokanar mutane, tana cewa ɗanta yana can yana cin dabino ya manta da ita. Sai dai ta lura tsofaffin direbobin nan sun daina zama a rumfarta, in sun hango ta sai su tsallaka titi. Ta ce wa Halaf ko bashinta suka ci ne ba ta sani ba. Bai yi dariya ba.

Lokacin tsinkar zaitun wata mata ta sauka daga motar Siriya tana jiran ta Amman. Baƙar abaya, ƙullin kaya ɗaya. Da ta yi sallama Ummu Nayif ta ce mata Bagadaza, unguwar gabas da kogi, ta ji daɗin kunnenta bai tsufa ba. Matar ta ce sunanta Badriya, ta zagayo ne ta Sham, za ta wurin 'yarta. Mijinta mai gadi ne a gidan wani babba na tsohuwar gwamnati. Falha ta zuba mata shayi, tana ɗokin ta ba ta labarin Nayif, amma ta bari baƙuwa ta fara.

Badriya ta ce ranar nan taro ya zo gidan, ba su sami maigidan ba, suka sami mai gadi. Ta share ido da bakin mayafi. Ta ce sai yamma maƙwabta suka kawo mata shi a kan ƙofar katako, mabsut, haƙora babu, hannu yana lilo, bai ƙara tashi ba.

Ƙullun yana hannun Falha, ya tsaya a nan.

"'Yar'uwa, me kika ce? Yaya aka kawo shi?"

"Mabsut. Dukan da suka yi masa ko jaki ba a yi wa."

"A wajenku abin da ake nufi ke nan?"

"To me ake nufi da shi in ba haka ba?"

"In kuma aka ce ƙwarai?"

Matar ta dube ta, ta ga fuskarta, ta yi jinkiri. Ta ce in aka ce ƙwarai, sai dai a tambaya ko yana numfashi.

Ummu Nayif ta shimfiɗa ƙullun, ta gasa, ta naɗe wa baƙuwar, ta ƙi karɓar komai. Ta jira har motar Amman ta zo ta tafi da ita. Sannan ta yayyafa wa wuta ruwa, ta taka zuwa gidan Halaf, ta tsaya a ƙofa ta ce masa ya nemo raƙumi. Da ya ji bayani ya zauna a ƙasa. Abin da ya fara tambaya shi ne sunan mutumin da unguwarsu. Nan ta tuna ba ta tambaya ba. Murna ta hana ta.

Duk da haka ya tafi. Masu sintiri suka kama shi tun bai yi nisa ba, suka ƙwace raƙumin, suka tsare shi har sanyi ya shigo, ya dawo yana tari. Falha ta je Amman ta bi ofis-ofis, ana ce mata ba mu da hulɗa da ƙasar nan yanzu, ta yi haƙuri. Ta dawo ta koma gaban kaskonta. Ba ta ƙara kwaikwayon harshen kowa ba, ba ta ƙara gaya wa baƙo garinsu ba. In mutum ya yi mata magana sai ta sa ya sake, ta tambaye shi me yake nufi, ko da ruwa ya roƙa. Baƙi suka ɗauka kurma ce. Tsofaffin direbobin nan kuwa ba ta zage su ba, ba ta dai ƙara sayar musu da gurasa ba har suka mutu.

Sai bayan shekara biyu gwamnatocin suka shirya, aka ɗaga sanda, motoci suka fara zuwa ɗaiɗai. Wata ranar sanyi da hantsi tsohuwar motar nan ta tsaya a gaban rumfa. Ta gane shi tun kafin ya sauko. Ya rame, ya yi furfura. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce sunansa Abbud, ya zauna a kan katako yana murza hula. Ya fara magana a hankali, kamar wanda ya yi ta bitar abin a hanya. Ya ce Nayif yana gaishe ta, ya sami aiki can kudu wajen jiragen ruwa, aiki ne ya hana shi zuwa, kuma mabsut ne.

"Da bakinmu ko da bakinku, ɗana?"

Abbud ya dube ta. Ya rufe fuska da hular yana kuka. Ta bar shi har ya gama.

Ya ce ranar da ya koma gida da fushi ya shiga. Ya gaya wa Nayif cewa bai taɓa ganin uwa irin tasa ba, an ce mata an kusa kashe ɗanta ta yi guɗa ta ce Allah ya ƙara. Nayif, da haƙarƙari a karye, ya tambaye shi da wace kalma ya gaya mata. Da ya ji, sai ya kama dariya, yana yi yana riƙe ƙirji, har jini ya fito masa ta baki. Shi ya bayyana wa Abbud abin da kalmar ke nufi a wajenmu. Sannan ya sa shi ya rantse, in Allah ya sake haɗa shi da ita, kar ya gyara mata, a bar ta a yadda ta ji. Abbud ya ce ya so ya kai shi asibiti, amma a kwanakin nan kai mutumin Jodan asibiti daidai yake da miƙa shi. Wani mai ɗori ya ɗaure abin da ya iya ɗaurewa. Da Nayif ya rasu, aka binne shi a maƙabartar danginsu, kusa da mahaifin Abbud.

Falha ta saurara har ƙarshe. Tambaya ɗaya ta rage mata, wadda ta kwana da ita shekara biyu.

"Bayan ka koma, ya daɗe?"

Abbud ya so ya kauce, ta ce ya dube ta ya faɗa da maganar da ba ta da fuska biyu.

"Har dabino ya nuna yana da rai, Inna. Da an sami nasa ya zo a farkon nan, da an fitar da shi ta daji zuwa wurin likita. Shi da bakinsa ya ce mini ba mai zuwa, tunda kin ɗauka lafiya yake ba za ki bar kawunsa ya taso ba. Amma duk lokacin da aka taɓa ƙofa sai ya juyo."

Ta zauna a gaban wutar har ta ci ta cinye. Can ta tashi ta shiga tanti, ta fito da mayafinta na tafiya, ta ce masa in ya sauke kayansa a Amman ya dawo, ya tsaya ya ɗauke ta zuwa inda ɗanta yake kwance.